Bayan Dogon Zama: Yadda Ake Sake Tada Jiki

(Kiɗan buɗe shiri)

Iyayena maza da mata, yayyena da ƙannena na nan cikin Badagishiri da ƙauyukan kewaye, da mutanen Illela, da na Malbaza da Galmi, da na Tsarnawa har Birnin Ƙonni, da matafiyan da muryarmu ta riska bisa hanyar Tawa, barkanmu da war haka.

Kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu. Masu lambu sun duƙufa kan albasa, ƴan bida wasu sun kama hanyar Abijan, wasu ta Legas. Waɗanda suka rage a gari kuwa, zama ya zo musu. A kan wannan zaman nake so mu yi magana yau. Maganar mutumin da a da yake riƙe da jikinsa, yana tafiya, yana buga ƙwallo, yana lura da abin da zai kai baki, sai wani abu ya gitta ya saki. Kwanaki suka zama watanni. Yanzu yana so ya koma, jiki ya ƙi, zuciya ma ta ƙi.

Kun san shi ai. Shi ne ɗan kasuwar da ke buɗe shago da hantsi, ba ya tashi daga benci sai an kira salla. Shi ne tela, shi ne direba, shi ne ɗan kabu-kabu mai wuni bisa moto, shi ne malamin lakwal da rabonsa da filin ƙwallo tun ranar da aka ɗaura masa aure. Ita ce Hajiyar da aka auna aka ce tansiyonta ya kai 16, ta tsorata, ta yi wata guda tana zagaya gida da safe, sai biki ya zo, sai azumi ya biyo baya, shi ke nan maganar ta bi ruwa. Shi ne kuma saurayin da can wurin bida yake yawon talla daga safe har dare, ya dawo gida ya zauna fada, daga shayin fari zuwa na uku, gobe ma haka.

Amma bari in ware wasu tun da wuri. Innata mai tashi da asuba ki yi surfe da daka, ki ja ruwa a rijiya, ki ɗauko itace a ka daga daji, ba ke nake nufi ba. Baba mai ban-ruwan lambu da hannu, ba kai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, a ƙa'idar da ta fitar a 2020, abin da ta nema ga babban mutum shi ne minti 150 zuwa 300 na motsi matsakaici a mako, kuma ta ce a shekarar 2022 kusan mutum ɗaya cikin uku na manyan duniya bai kai wannan ma'auni ba. Ku kuwa cikin kwana ɗaya ko biyu kun cika shi har kun wuce. Abin da jikinku ke bida hutu ne da abinci mai kyau. In akwai saƙo dominku a shirin nan, to na ƴaƴanku ne da ke zaune suna kallo: su tashi su karɓi igiyar, ku ku huta, su su motsa.

To, wanda ya saki yana son komawa, daga ina zai fara?

Kafin kowa ya sa masa suna rago, ko shi ya sa wa kansa, a duba lafiyarsa tukuna. Ba kowace kasala ce lalaci ba. Damina ta wuce ta bar wa gidaje da yawa masassarar cizon sauro, ita kuwa tana cin jini. Mutum ya warke, zafin jiki ya sauka, amma jinin bai koma ba; da ya yi ƴar tafiya sai haki, sai jiri. Ja fatar idonka ta ƙasa ka duba a madubi, ka dubi tafin hannunka: in sun yi fari fat, akwai magana. Mai jegon da ta zubar da jini da yawa wajen haihuwa ita ma haka. Ciwon suga da ba a gano ba yana zuwa da ƙishirwar da ba ta ƙarewa, da yawan fitsari cikin dare, da rama, da mutuwar jiki. Hawan jini shi kuma sau da yawa ba ya nuna komai, sai ranar da ya kayar da mutum.

Akwai kuma wadda ba mu cika faɗa ba, ciwon damuwa. Wanda aka yi wa rasuwa, wanda jarinsa ya karye, wanda ya dawo daga bida hannu wofi yana jin nauyin haɗa ido da mutanen gida. Idan mutum ya kai mako biyu ko fiye ba ya jin daɗin komai, barci ya ɓaci, abinci ya fita ransa, abin da yake so a da duk ya gundure shi, wannan ba abin faɗa ba ne, ba kuma ƙarancin imani ba ne. Ciwo ne, kuma ana maganinsa. Don haka tafiyarka ta farko ta zama zuwa likita: CSI ta nan gari, ko asibitin Illela, ko na Ƙonni, ko na Galmi, wanda ya fi maka kusa. Awon tansiyo ba ya cin minti biyar.

In an duba an ce lafiya lau, sai mu zo ga abin da zama ke yi wa jiki, da kuma albishir ɗin da ke cikin labarin.

A shekarar 1966, a birnin Dalas na Amurka, likitoci suka ɗauki samari biyar masu shekara 20, lafiyayyu, suka kwantar da su bisa gado mako uku cur, babu tashi. Da aka auna su bayan nan, ƙarfin zuciyarsu da numfashinsu wajen ɗaukar aiki ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Mako uku fa, ba ciwo, ba yunwa, kwanciya kawai. Sai aka sa su atisaye na mako takwas. Suka dawo yadda suke, har suka zarce. Shekara 30 bayan haka, a 1996, aka sake kiran mutanen nan biyar, sun kai shekara 50, jiki ya yi nauyi. Da aka auna, sai aka ga ɓarnar da shekara 30 ta yi musu ba ta kai wadda kwanciyar mako uku ta yi ba. Aka sake sa su tafiya da sassarfa da tuƙa keke na wata shida, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, sai ga ƙarfin numfashinsu ya koma daidai da na ranar da suka fara zuwa suna ƴan shekara 20.

Mutum biyar ba yawa ba ne, amma binciken da aka yi ta yi daga baya a kan dubban mutane ya bi wannan hanya. Nauyin da kake ji in ka taka ƴar tafiya bayan dogon zama, yawancinsa ba tsufa ba ne, zaman ne. Kuma abin da zama ya ɗauke, motsi na maido da shi, ko kana da shekara 50.

Inda muke makalewa shi ne jira. Kowa na jiran ranar da zai farka ya ji kuzari ya zo masa, sannan ya tashi. Bari ɗari ya wuce. Ɗari ya wuce, bari zafi ya sauka. Bari a sha ruwa, bari a gama noma, bari a gama biki. Shekara ta zagayo yana nan inda yake. Abin da nake so kowa ya riƙe daga shirin yau shi ne wannan: kuzari a bayan motsi yake zuwa, ba a gabansa ba. Da ka taka minti goma, bugun zuciya ya ɗaga, jini ya ratsa gaɓɓai, ƙirji ya buɗe, sai ka ji wani sauƙi a ranka da ba ka fito da shi daga gida ba. Daren nan barcinka ya fi daɗi. Barci mai daɗi kuma shi ke ba ka ƙarfin fita gobe. Ranar farko babu wanda ke fita da marmari, da nauyin jiki ake fita. Magabata sun riga sun faɗa, motsi ya fi laɓewa.

Mu mutanen wannan yanki ma bai kamata a yi mana dogon bayani a kan haka ba, don mun taɓa ganin irinsa da idonmu, a ƙasa. Dattawa na tuna yadda tuddanmu suka zama fako bayan farin shekarun 1970 da na 1984, ƙasa ta ƙeƙashe, ruwan sama ya sauka ya gangare kwari bai shiga ba. A 1989, aikin FIDA da a lokacin yake da mazauni nan Badagishiri ya kai wasu manoman Illela yankin Yatenga na Burkina Faso, ƙasar su Yakuba Sawadogo, suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a zuba taki a jira ruwa. Suka dawo suka gwada wannan dabara, wato tassa, a ƴan filaye kaɗan. Shekarar da ta biyo, 1990, ruwa ya yi ƙaranci, gonaki da yawa ba su ba da komai ba, amma inda aka yi tassa aka samu hatsi. Daga nan ba a sake roƙon kowa ba. Fakon da aka yi watsi da shi ya zama abin saye da sayarwa.

Ku tambayi wanda ya yi aikin. Babu wanda ya farfaɗo da fako rana ɗaya, babu kuma wanda ya jira ƙasa ta yi laushi kafin ya sa mata ƙarfe. A kan taurinta aka fara, rami ɗaya, tafin taki ɗaya, gobe a ƙara wani. Laushin daga baya ya zo. Jikin da ya daɗe a zaune haka yake son a bi da shi.

Wanda ya fi shan wuya wajen komawa, abin mamaki, shi ne wanda a da ya fi kowa ƙarfi. Ƙasarmu ƙasar kokowa ce. A Tawa aka fara gasar Takobi a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauka, kuma har yau da wuya ka sami ƙauye a Adar da ba shi da tsohon gwaninsa. Tsohon ɗan kokowa ko tsohon ɗan ƙwallo yana tuna jikinsa na da. Ranar da ya yi niyyar komawa, sai ya ce daga inda ya tsaya zai ɗora. Ya zuba gudu, ko ya shiga fili da yara ƴan shekara 18 ya buga har a tashi. Washegari cinya ta riƙe, gwiwa ta kumbura, ruku'u ma da ƙyar. Ya yi mako yana ɗingishi, ya ce ai girma ya zo, ya koma benci, wannan karon da hujja. Yayana, zuciyarka ce ke tuna 2010, jijiyoyin gwiwarka ba su san zancen ba. Su ƴan kokowar da ke zuwa Takobi, goma daga kowace jiha, sai an killace su an yi ta shiri kafin su shiga fili, alhali ba su taɓa sakin jiki ba. Balle kai da ka shekara biyar a zaune.

Fara da abin da kake ganin ya yi maka kaɗan. Tafiyar minti goma, kwana biyar a mako. Ka tsaya tun kana jin za ka iya ƙarawa, don wannan sauran marmarin shi zai fito da kai gobe. Mako na biyu ka ƙara minti biyu ko uku, haka haka har ka kai rabin awa, ko da zai ɗauke ka wata biyu. Rabin awa sau biyar, ka cika minti 150 ɗin nan ke nan. Saurin da ake so kuwa ba sai da agogo ba: in kana iya hira da na kusa da kai amma ba ka iya rera waƙa, ka samu daidai. In maganar ma ta gagara, rage. Sau biyu a mako kuma a ba tsoka nata rabo: zauna bisa kujera ka miƙe sau goma ba tare da dafa komai ba, dafa bango ka tura, ɗauki jarkar ruwa ka kai ka kawo. Iyayenmu da suka haura 65, ku riƙa gwada tsayuwa da ƙafa ɗaya kuna dafe da bango. Yana rage faɗuwa, kuma kun san abin da karayar ƙugu ke yi wa tsoho.

(Kiɗa)

Masu saurare, har yanzu muna tare, muna magana a kan komawa motsa jiki bayan dogon zama.

Yanzu zan taɓo abin da a ganina ya fi ciwon gwiwa da rashin lokaci hana mutanenmu. Kunya ce, da bakin mutane.

Magidanci ya fito da safe yana tafiya da ƙafa, alhali kowa ya san yana da moto. Kafin ya kai bakin kasuwa mutum uku sun tsaya: "Alhaji, lahiya? Ina moto, ko ta mutu?" "Hau in kai ka." Wani ma ba zai tambaya ba, sai dai da maraice a ji a fada cewa wane fa abubuwa sun ja baya, an gan shi yana taka sayyada. Mutumin nan ya jure kwana biyu, a na uku ya fasa. Ba gajiya ta mayar da shi gida ba, mu muka mayar da shi. Mun kuma saba ɗaukar tumbi alamar wadata, har in mutum ya rage ƙiba a fara tambaya ko ciwo yake. Wannan kallo ya ci mana mutane masu amfani, waɗanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar suna tsakiyar ƙarfinsu, da ƴaƴa ƙanana.

Kai mai tafiya, shirya amsarka tun daga gida, gajeriya, da fara'a: "Na gode, tafiyar nake so, magani ce." Mako guda za ka yi kana maimaitawa, daga nan a saba. Ku kuma masu tsayawa, na san don girmamawa kuke yi, Allah ya saka. Amma wanda ya ce muku tafiyar yake so, ku yi masa addu'a ku wuce. Ina kuma roƙon manyanmu, limamai da masu gari da manyan ƴan kasuwa, ku ne za ku iya kashe wannan kunya. Ranar da aka ga dattawa uku masu mutunci sun fito daga sallar asuba sun miƙi hanya suna tafe suna hira, babu yaron da zai sake tambayar wani ina motonsa.

Ga mata kuwa abin ya ninka. Matar da injin niƙa da famfo suka rage wa wahala, alhamdu lillahi, hutu ya samu. Amma in babu abin da ya maye gurbin wancan motsi, sai nauyi ya taru, gwiwa da baya su fara kuka. Ba kowace ce za ta iya fita bakin hanya ba, kuma ba dole sai an fita ba. Tsakar gida ta isa a zagaya. Maƙwabta uku ko huɗu su haɗu gidan da ya fi fili, bayan an sallami yara lakwal. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da aka faro a jihar Maraɗi a 1991 suka bazu ƙasar nan, sun nuna cewa matanmu in suka sa rana ba sa saɓawa. Waɗanda suka iya haɗuwa kowane mako su zuba kuɗi a asusu shekara da shekaru, minti goma sha biyar na zagaye kafin a buɗe akwati ba zai gagare su ba.

Maigida, naka shi ne ka ba da dama, in da hali ka raka. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha a kan hanyar tafiya, ta tsere masa. Bayan wani lokaci, da jikinta ya ƙara nauyi, suka sake, shi ya tsere mata. Wanda ya san wannan ba zai ga motsa jikin matarsa a matsayin zubar da mutunci ba. Mai jego ita ma ta fara da ƴar tafiya a hankali in jiki ya yarda, wadda aka yi wa aiki kuwa ta bari sai likita ya ce to.

Ƴan'uwana direbobi da ƴan kabu-kabu, ku matso kusa da rediyo, wannan taku ce. A birnin Landan akwai manyan motocin haya masu hawa biyu. Wani likita mai suna Jeremy Morris ya bi lafiyar ma'aikatansu kimanin 31,000, ya fitar da sakamako a 1953. Direba da yaron mota mai karɓar kuɗi, mota ɗaya, hanya ɗaya, awoyin aiki ɗaya. Bambancin kawai, direba na zaune, yaron mota kuwa yana hawa yana sauka matakala ɗaruruwa kowace rana. Sai aka tarar mutuwar farat ɗaya ta ciwon zuciya ta kusa ninka biyu a wajen direbobi. Daga wannan bincike duniya ta fara ɗaukar zama a matsayin abin da ke kisa. Shi kansa likitan ya riƙe motsa jiki har tsufansa, ya rasu a 2009 yana da shekara 99. Ba na ce ku bar sana'a ba. Amma lokacin da ake lodi a tasha, ko kana jiran fasinja ƙarƙashin bedi, sauka ka zagaya. Minti biyar nan, minti biyar can, duk ana lissafa su. Ƙwayar tramol da wasu ke haɗiya don su jure, ita ba ƙarfi take bayarwa ba, gajiyar take ɓoyewa, ta bar mutum da farfaɗiya da jarabar da ta fi ƙarfinsa.

Saura yadda za a riƙe abin kada a sake saki. Niyya ita kaɗai ba ta isa, don ranar da ka tashi da ɓacin rai ba za ka same ta ba. Ɗaura tafiyar a jikin abin da ba ka taɓa fasawa. Mu kuwa Allah ya hore mana lokuta biyar da ba sa motsi. Ka ce: in na sallame asuba, ba gida zan nufa ba, sai na kai wuri kaza na dawo. Ko kuwa: la'asar a masallacin da ke nesa zan riƙa yin ta. Faɗi wurin, faɗi lokacin, kada ka bar shi a "zan riƙa ɗan tafiya". Sannan ka nemi abokin tafiya, wanda in ba ka fito ba zai tsaya ƙofar gidanka ya yi sallama. Kunyar nan da ta hana ka fita, ita ce kuma za ta hana ka barin mutum tsaye cikin ɗari yana jiranka.

Wasu masu bincike a wata jami'a ta Landan sun bi mutum 96, kowa ya zaɓi sabon abu ɗaya da zai riƙa yi kullum, suka fitar da sakamako a 2009. Suna so su ga kwana nawa ake yi kafin abu ya zama jiki. Wani cikin kwana 18 ya saba, wani lissafi ya nuna sai ya kai kwana 254, tsaka-tsakin kuwa 66. Motsa jiki ya fi sauran ɗaukar lokaci. Don haka in ka yi mako uku kana ji har yanzu da ƙyar kake fita, ba wani aibu gare ka ba, haka abin yake. Sun kuma gano cewa tsallake rana ɗaya ba ya rushe sabon da aka fara ginawa. Wannan ya kamata a ji shi da kyau, don a nan mutane ke faɗuwa. An yi rasuwa, ka yi kwana uku wurin zaman makoki. Ranar kasuwa ta zo, ba ka samu kanka ba. Sai zuciya ta ce ai ka riga ka ɓata, bari sai wata ya kama a sake sabon lale. Kada ka saurare ta. Ranar da ka samu kanka, fita, ko minti biyar ne. In tsaikon ya kai makonni, koma baya kaɗan ka sake hawa.

Maganar abinci ba zan ja ta ba, tana da nata shiri. Abu ɗaya za ka canza a lokaci guda. Mai shan shayi zagaye uku sau biyu a rana, dubi yawan sukarin da ke shiga butar nan, ka rage rabi, ko ka tsaya a zagaye ɗaya. Uwargida, OMS ta ce gishirin da babban mutum zai ci a wuni kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi bai cika ba, kuma dunƙulen magi kansa yawancinsa gishiri ne. In kin sa magi, rage gishiri. Daddawa da gabu da tafarnuwa da albasarmu da ake fita da ita ƙasashe suna nan. Kanwa ma ƴar'uwar gishiri ce a wajen zuciya: tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka lura da alaƙar yawan kunun kanwa da wankan jego mai tsananin zafi da ciwon zuciyar da ke kama masu jego, don haka a sassauta. Tuwon hatsi, wake, kwaɗon zogale, fura da nono ba a cika mata sukari ba, babu wanda ya ce a bar su. Garin maganin narkar da tumbi da ake tallarsa da lasifika ranar kasuwa, da ƙwayoyin sa ƙiba da wasu ƴan mata ke sha, ku bar su inda kuka gan su. Na biyun nan ma da yawansu suna tada suga da hawan jini.

Wanda likita ya ɗora bisa maganin hawan jini ko na suga, tafiya ba ta maye gurbin magani. Ci gaba da sha, in awo ya nuna sauƙi likita ne zai rage da kansa. Mai ciwon suga ya sa takalmi rufaffe, ya duba tafin ƙafarsa kowane dare, ya riƙe ƴan dabino a aljihu saboda jiri ko rawar jiki. Duk wanda yana cikin tafiya ya ji ƙirji ya ɗaure, ko ciwo na sauka a hannun hagu ko haɓa, ko numfashi ya gagara, ko ido ya rufe, ya tsaya nan take a kai shi likita, kada a ce bari a gani. Ranar da hazo ya yi kauri, mai asma ya yi nasa cikin gida. In bazara ta zo, watan huɗu da na biyar da zafi ke haura 40, sai da sanyin asuba ko bayan faɗuwar rana, da ruwa a hannu. Masu bin gefen kwalta kuma, kun san manyan motocin da ke ratsa garin nan dare da rana: ku bi gefen da za ku riƙa fuskantar mota mai zuwa, ku sa tufa mai haske, yara kuma a riƙe hannunsu.

Lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu zauna kan maganar gishiri da hawan jini, da yadda ake karanta lambobin nan biyu da ake rubuta muku a kati. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti.

(Kiɗan rufe shiri)